Katin Aro: Shafi na 17

Ku da kuka cika min waya da saƙo wai na bar Safiyyatu tsaye da kwalbar jini a hannu na kama gabana, to ga ta nan na kawo muku ita har Fakku. Ke kuma mai cewa Nuraddeen ne munafukin labarin, ki rage zagin bawan Allah sai kin karanta.

*

Ko sallamar kirki Safiyyatu ba ta yi ba ta faɗa ɗan asibitin Fakku, jaka a kafaɗa, ƙaramar kular ƙanƙara a hannu, ƙafafunta duk sun sage saboda zaman kabu-kabu tun daga Kebbe. Shekara shida tana aikin gwajin jini a Tambuwal, ba ta taɓa bin sawun kwalba har garin da aka ɗebo ta ba sai yau. Garin kuma nasu ne, nan aka binne cibiyarta.

Nuraddeen, ma'aikacin lafiyar da aka turo Fakku wata biyu da suka wuce, yana zaune yana kurɓar kunu. Ya miƙe da fara'arsa.

"Malama Safiyya, ke da kanki? Lahiya dai?"

Ta shimfiɗa masa takarda a kan tebur, ta danne da yatsa.

"Jinin wa kaɗ ɗiba jiya da sahe?"

Ya leƙa. "Ga shi nan rubuce. Maryama Shaihu."

"Na iya karatu, Nuraddeen. Jinin wa na?"

"Na Maryama Shaihu mana."

"Ba nata ba na."

Ya ajiye kofin kunun a hankali.

Abin da ya taso ta ke nan. Jiya da la'asar kwalbar ta isa Tambuwal cikin ƙanƙara. Ta gwada maleriya, babu. Ta ɗiga jinin a tsinken gwajin dengi, zazzaɓin nan da sauron rana ke kawowa, wanda ya addabi yankin tun ɗaukewar ruwa, sai ga layi biyu jawur. Wannan bai tayar mata da hankali ba, ta ga irinsa ya fi ashirin a watan nan. Abin da ya zaunar da ita ba shiri shi ne ƙirgen ƙwayoyin da ke tsayar da jini in mutum ya ji rauni. Mai lafiya yana da dubu ɗari da hamsin ko fiye. Mai wannan jinin dubu ashirin da takwas gare ta. Irin wannan ko ƙaya ce ta soke ta, sai an yi da gaske kafin jinin ya tsaya.

Sai ta ce bari ta duba rukunin jinin, ko za a bukaci ƙari. Ya fito B. Ta buɗe babban littafinsu ta nemo lambar katin, ta ga O, kuma da hannunta ta rubuta shi shekara biyu da suka wuce, lokacin da Maryama ke zuwa awon ciki. Sau uku tana maimaita gwajin, sau uku yana ba ta B. Ta kira lambar da ke kan takardar har ta gaji, a kashe.

Wato akwai wata mata a wani ɗaki a garin nan da ke bakin haɗari. Ita ba ta sani ba, Safiyyatu kuma ba ta san ko wace ce ba.

"Ka haɗa kwalabe," ta ce tana kallon tsakiyar idonsa. "In ka haɗa ka hwaɗi yanzu, ba ni kai ka gaba."

Ran Nuraddeen ya ɓaci, har jijiyar goshinsa ta tashi.

"Ni ba ni haɗa mutum biyu. Sai na rubuta suna na liƙa kannan in soka allura. Mutum fuɗu niɗ ɗiba jiya, ukku maza na, kuma sun daɗe da tahiya kahin ta zo."

"Ka ga fuskatta?"

Ya girgiza kai.

"Su biyu sunka zo. Guda yarinya, guda ta ja lulluɓi hab bisa hanci. Yarinyar ita tam miƙo kati, tac ce ga mara lahiya."

"Kai kuma kar rubuta."

"Ni baƙo na garin ga, Malama. Ban san Maryama ba, ban san wadda ba Maryama ba. In ce ma matar mutane buɗe in gani?"

Gaskiyarsa ce, amma Safiyyatu ba ta zo ba wa kowa gaskiya ba yau.

"Hannu hwa? Ai ka riƙe hannu."

Ya sosa ƙeya. "Hannun kam ba na yarinya ba na. Ya kwana biyu duniya."

"Ta yi magana?"

"Ko tari ba ta yi ba. Abu guda tat tambaya, shi ma cikin kunnen yarinyar tar raɗa, yarinyar tag gaya min."

"Mi?"

"Wai sunan da ab bisa kati, shi za a rubuta jikin kwalba?"

"Kac ce mi?"

"Nic ce shi na. Sannan tam miƙo hannu."

Safiyyatu ta naɗe takardarta. Ashe ba kuskure ba ne. Da gangan aka yi, an zauna an shirya. Wata ce ba ta son a ga sunanta a jikin kwalba, kuma Maryama ta san ta.

"Ka haɗa ruwan ƙari da allura ka aje kusa," ta ce. "Kada ka kashe waya."

Gidan Shaihu a gabashin gari yake. Tana cikin sauri ta iso mararrabar bayan masallaci, inda lungun gidansu ya ratse hagu. Ta kalli lungun, ta ɗauke kai.

Wanda bai san Safiyyatu ba zai ce rashin tarbiyya ne mutum ya shigo garinsu ya wuce ƙofar uwarsa. To ita ɗiyar fari ce. Ranar da aka yaye ta ƙanwar babanta ta goya ta zuwa Tambuwal, can ta girma. Mahaifiyarta, da kowa ke kira Goggo har ita ma ta taso tana kiran ta haka, mace ce mai riƙon kunyar ɗan fari kamar ita ta ƙirƙiro ta. Ba ta taɓa faɗin sunan Safiyyatu ba. In ta kama dole sai ta ce "waccan ta Tambuwal". In Safiyyatu ta durƙusa gaisuwa, bango Goggo ke amsa wa. Ba ta cin abinci a gabanta, ba ta dariya a gabanta. Maryama kuwa, ɗiyar ƙanen Goggo da ta riƙa tun tana rarrafe, ita ta sha goyo da kitso da tatsuniya. Abin yana ci wa Safiyyatu rai tun tana ƙarama, kuma har yau bai daina ba, ta dai koyi yin shiru ne. Ran Juma'a ta kira ƙanenta Almu ya ce kowa lafiya. Gaisuwar bango za ta iya jira sai an gama aiki.

"Ke ta Tambuwal, yaushe gari?"

Ta waiga. Atu wanzamiya ce ke tahowa da zabirarta a hammata, ƙahonni na ƙwaram-ƙwaram a ciki. Atu kuwa in ta kama ka da gaisuwa sai ta tambayi lafiyar kajin gidanku ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya mana, ai yanzu haka..."

"Ina dawowa, Inna Atu. Aiki yak kawo ni."

Ta ƙara sauri ba ta sake waiwaye ba.

Shaihu na ƙofar gida yana jera dammunan gero. Ya amsa gaisuwarta a daƙile, idonsa a kan kular.

"Wajen Maryama niz zo, kan gwajin jiya."

"Wane gwaji?"

"Na jini. Nan asibitinku."

Ya sauke damin da ke hannunsa. "Maryama gidan suna tat tai jiya. Haka tag gaya min."

Safiyyatu ta ciji leɓe. Ta shigo da ƙafar hagu.

"Ku dai ma'aikatan ga," ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa, "jinin ga da kuka tarawa cikin kula kullum, ina kuka kai shi? Mutane na magana hwa."

"Tambuwal muka kai shi, Malam Shaihu, gabana shika zuwa. In kana so ka biyo ni wata rana ka gani. Yanzu ka ba ni hanya, zancen mata na."

Ya matsa, amma bai koma kan geronsa ba. Ta ji takunsa ya biyo ta ya tsaya a zaure.

A tsakar gida tsohuwar Shaihu na zaune tana ɓarar gyaɗa, garau da ita, har da waƙarta. Safiyyatu ta ƙare wa hannuwanta kallo tana gaishe ta. Ba ita ba ce. Maryama na can gindin rumbu tana bakace. Tana ɗago kai ta ga mai shigowa, faifan ya tsaya cak a hannunta.

"Yaya Safiyya. Sannu da zuwa. Ba ki ce kina tahe ba."

"Wayam mijinki kashe take. Zo nan."

Ta ja ta bayan rumbu, inda zaure ba zai jiyo su ba.

"Kin tai asibiti jiya?"

"E... na tai."

"Mi ad damunki?"

"Masassara."

"Ga ki kina bakace."

"Na samu sauƙi."

"Wane hannu anka ɗiba?"

"Dama." Ta kalli hannunta. "A'a, hagu."

"Miƙo su dut biyu."

Ta miƙo kamar mai miƙa wa maciji. Safiyyatu ta juya su, ta duba gwiwar hannu ciki da waje. Fata sumul, ko cizon sauro babu.

"Allurar ƙarama ta," in ji Maryama. "Ba ta barin tabo."

Safiyyatu ta durƙusa ta buɗe kula, ta fito da farin faranti da 'yan kwalabe biyu, ɗaya shuɗiya ɗaya rawaya. Kafin Maryama ta ankara ta kama ɗan yatsanta ta tsira masa tsinke, ta ɗiga jini wuri biyu. Ta sa shuɗin ruwa a ɗaya, rawaya a ɗaya, ta gauraya, ta riƙa karkata farantin.

"Duba da idonki. Kin ga ya canza?"

"A'a."

"To na cikin kwalbar jiya, ina sa mai rawaya yat tsinke, yay yi gudaji-gudaji awa nonon da yal lalace. Naki bai yi ba, kuma ba shi yi hag gobe. Mutum guda ba shi da jini iri biyu, Maryama. Wa kib ba katinki?"

Maryama ta kau da kai.

"Maimuna ta? Mai kawo muku nono daga ruga?"

Tun a hanya zuciyar Safiyyatu ke kan Maimuna. Makiyayan da suka sauka bayan gari cin karan gero suna gab da tashi, kuma an baza musu cewa duk rugar da aka samu mai ciwon nan za a hana ta wucewa. Dattijuwa irin Maimuna za ta iya ɓoye sunanta don kar ta tsayar da garke.

"In ita ta, ki gaya mata ƙarya aka yi musu. Ba mai hana su tashi. Ciwon ga sauro ka kawo shi, ba mutum ba."

"Ba Maimuna ba ta."

"To wa?"

Idon Maryama ya ciko.

"Yaya, don Allah ki bar ni. An sa ni rantsuwa."

"Wa as sa ki?"

"In nih hwaɗi wa as sa ni ai na hwaɗi ke nan."

Wani tunani ya ɗarsu a ran Safiyyatu, ta ture shi da sauri. Matar da ta haifi bakwai a ɗakinta, wadda ke cewa warin asibiti kaɗai ya isa ya kwantar da mai lafiya, ba za ta miƙa wa baƙon namiji hannu ya soka mata allura ba. Almu ma ya ce kowa lafiya.

"Kuma ai ta warke," Maryama ta ƙara, tana share ido da gefen zane. "Masassarat ta sauka tun jiya. Yau hak kunu tas sha. Ki koma abinki, ki yaga takardar, ba wanda ya sani."

"Kwananta nawa kwance?"

"Yau biyar."

Safiyyatu ta kamo hannunta.

"Ki saurare ni da kyau. Ciwon ga ba irin masassarar da kis sani ba na. Ranar da jiki yay yi sanyi kowa yac ce an warke, ranan nan shika kisa. Tana ciwon ciki?"

Maryama ta ɗaga kai a hankali.

"Amai?"

"Sau biyu da sahe."

"Kin ga jini wani wuri? Hanci, ko baki?"

"Da tay yi asawaki... dasashinta ya yi jini. Tac ce tsuhwa ta."

"Wane magani taka sha?"

"Ƙwayar ciwon jiki, ta kemis. Ja da fari."

"Ita ma ƙara tsinka jini taka yi. Daga yau ko guda kada ta sake haɗewa. Maryama, matar ga jininta ba shi da abin tsayawa. Yau ya kamata ta kwana asibiti da ruwa ga hannu. Kahin nan kada a bari komi ya ji mata rauni. Kada ta yi sussuka, kada ta riƙa wuƙa. Ba cire haƙori, ba tsaga, ba ƙaho..."

Faifan ya suɓuce. Gero ya watse a ƙasa, kaji suka yo kansa.

Maryama ta dafe rumbu.

"Ƙaho?"

"Mi af faru?"

"In anka yi ƙaho mi ka faruwa?"

"Jinin ba shi tsayawa. Mi af faru nic ce?"

"Ni nit tai kiran Atu da sahe." Ta dafe kai. "Tac ce jikinta ya yi nauyi, wai mataccen jini na masassara tab bar mata, a zuƙe shi ta samu ta tashi. Ni da ƙahwata nit tai."

Ƙwaram-ƙwaram ɗin zabirar nan ya dawo wa Safiyyatu a kunne. Ta duba agogo. An fi rabin awa da ta bar Atu a mararraba tana ce mata tsaya mana.

Ta damƙi kafaɗar Maryama.

"Wane gida?"

"Na rantse, Yaya. Tac ce in sunanta yaf fito bakina ba ni ba ita hal lahira."

"Rai za ya salwanta kina zancen rantsuwa?"

Maryama ta runtse ido, hawaye na gangarowa. Can ta buɗe su, ta fizgi mayafinta daga kan igiya.

"Na rantse ba ni hwaɗin suna. Ban rantse ba ni tahiya ba. Biyo ni."

Shaihu ya tare bakin zaure. "Ina za ki? Wane asibiti kit tai ban sani ba?"

"Malam, in na dawo ka yi min dut hukuncin da kag ga dama. Yanzu matsa."

Shekara bakwai da aurensu bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya matsa.

Suka fita, Maryama a gaba tana haɗawa da gudu, Safiyyatu a baya kula na dukan cinyarta. Tana tafe tana kiran Nuraddeen.

"Ɗauko ruwan ga ka fito. Ka nemi mota ko ta wa ta. In na tsaya ina gaya maka gida."

Ta zaci za su yi arewa, hanyar ruga. Maryama ta yi yamma.

Suka wuce injin niƙa. Suka wuce rijiyar da Safiyyatu ta taɓa jefa guga a ciki wani hutun makaranta aka yi mata dariya. To, ƙila gidan liman ne, matarsa ta manyanta. Maryama ta wuce gidan liman ko kallo.

Suka iso mararrabar bayan masallaci.

Maryama ta ratse dama, ta shiga lungun.

Safiyyatu ta bi ta. Gida biyar ne a lungun nan. Ta riƙa ƙirga su a ranta tana roƙon Allah. Na farko, an wuce. Na biyu, gidan mai goro, an wuce. Na uku akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa, nan ne, dole nan ne. An wuce. Na huɗu kango ne.

Maryama ta tsaya a ƙofar na biyar, gindin dogon yaron da baban Safiyyatu ya dasa shekarar da aka haife ta. Ta sunkuyar da kai.

"Kin ɓata hanya," in ji Safiyyatu. Ita kanta ba ta gane muryarta ba.

Maryama ta girgiza kai.

"Almu yac ce min kowa lahiya."

"Ita tac ce shi hwaɗi haka."

"Don mi? Ni ad da gwajin ga dut yankin nan. Da an kira ni ranar farko..."

"Don haka na." Maryama ta fashe da kuka. "Kwana ukku nika roƙonta ta tai asibiti. Tac ce kowa ya san jinin Fakku hannun wa shika zuwa. Tac ce ita ba ta yarda ɗiyar fari ta ɗauki kwalba ta karanta sunanta, ta riƙe jininta ga hannu tana dubawa. Ta gwammace masassarat ta kashe ta da wagga kunya. Sai da nic ce ga katina, ba mai sani, kannan tat tashi."

B.

Sau uku jiya tana kallon jinin nan yana tsinkewa a rawaya, har ta ce a ranta irin nawa ne. Sau uku tana juya kwalbar a tafin hannunta, tana jin tausayin matar da ba ta sani ba.

Ta ture ƙyauren langa-langa ta shiga.

Atu na tsaye a ƙofar ɗaki, ɗankwalinta ya zame, hannuwanta jina-jina har wuyan hannu.

"Alhamdu lillahi da kiz zo. Shekara talatin nika ƙaho, ban taɓa ganin irin wanga ba. Ƙaho fuɗu kaɗai nis sa, tsagar ma 'yan ƙanana. Na cire, na danna, na sa toka, na sa gishiri. Ya ƙi tsayawa." Ta dube ta da jajayen idanu. "Na kira ki hanya in ce maki gidanku za ni, ba ki tsaya ba."

Maganar ta soki Safiyyatu, amma babu lokacin jin zafinta. Ta miƙa wa Maryama waya.

"Gaya ma Nuraddeen gidan mai dogon yaro, bayan masallaci. Inna Atu, wanke hannu ki kawo min ruwa mai tsabta. Kada ki ƙara sa komi."

Ta ɗaga labule.

Goggo na kwance rub da ciki a kan tabarma, bayanta a buɗe. Tsummokara uku jiƙe sharkaf a gefe. Daga wuri huɗu jini ke tsattsafowa a hankali, ba gaggawa ba fashi, yana bin haƙarƙari yana ɗiga. Tunda Safiyyatu ta zo duniya ba ta taɓa ganin bayan mahaifiyarta ba. Ashe ƙarama ce haka.

Goggo ta ji shigowar mutum, ta gane takun. Hannunta ya fara laluben zane zai ja ya rufe. Ya kama gefen, ya kasa ja.

Safiyyatu ta zube a gwiwa. Ta yage ƙullin auduga da bandeji, ta danna a kan tsagar da tafukanta biyu, ta sa nauyinta duka.

"Goggo, yau kam sai ki yi haƙuri. Na gani."

Numfashin tsohuwar sama-sama, fatarta sanyi ƙalau.

"Jininki tun jiya shina hannuna. Sau ukku nid duba shi." Hawaye na zuba a kan bandejin, ba hannun sharewa. "Iri guda na da nawa. In munka kai Tambuwal nawa za a ɗiba a sa maki, ko kin so ko kin ƙi. In kin tashi ki yi shekara ba ki dube ni ba, na yarda. Ki dai tashi."

Ta jira Goggo ta juya wa bango fuska kamar kullum.

Kan ya motsa a hankali. Bai yi wajen bango ba. Ya juyo, ya juyo, har idanun nan da ba su taɓa tsayawa a kanta ba suka tsaya. Suka bi goshinta, suka bi hancinta, suka bi haɓarta, kamar mai duba kayan da ta ba da ajiya tun da daɗewa. Yatsu masu sanyi suka lalubo suka kama wuyan hannunta.

"Safiyyatu."

Shekara talatin da ɗaya tana jiran ta ji yadda sunan zai fito a bakin nan. Ya fito cikakke, ba a gutsure ko harafi ba, yadda liman ya raɗa shi ranar suna.

"Na'am, Goggo. Na'am. Ga ni."

A waje ta jiyo ƙarar mota tana kutsowa lungu, da muryar Nuraddeen yana tambayar wace ƙofa.

Audugar da ke ƙarƙashin tafinta ta sake jiƙewa.

Yatsun da ke riƙe da hannunta suka saki.